Takardar da Na Yi wa Gadi daga Maraɗi zuwa Kurfi

Tun da na dawo daga Maraɗi bakina bai huta ba. In na je suna, a ce Hajiya Kulu ba mu labarin mota. In na je duba mara lafiya, shi kansa mai jinyar sai ya ɗago kai ya tambaye ni wai da gaske ne kujera ta gasa ni. Abin da ya fi ba ni haushi, labarin ya fara yawo ba da izinina ba, kowa yana ƙara masa nasa gishirin, har na ji wata a Shema tana rantsuwa wai a cikin but ɗin mota aka dawo da ni. Shi ya sa na zaunar da surukata Binta, matar ɗana Abba, na ce ta ɗauki biro. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi sallah da shi, amma magana ba a makaranta ake koyonta ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. In ta gyara mini kalma ɗaya zan gane ranar da aka karanta mini.

Indo ce ta jawo tafiyar. Indo taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, tare muka tashi a Kurfi, kuma tun muna tallan hura take neman inda za ta ƙure ni. Abba kuwa autana ne, sunan mahaifina gare shi, shi ya sa ba na kiran sunansa na yanka. Yana zaune a Dutsin-Ma, yana sayar wa masu noman rani na bakin Zobe injin ban ruwa da taki, Allah kuma ya sa wa abin albarka. To ranar wani biki, tsakar gida cike da mata, bakina ya suɓuce na ce Abba ya yi odar mota sabuwa dal daga masana'anta, tana hanya ta Kwatano, a Maraɗi za ta sauka.

Indo ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kulu, mi ya taɓa fitowa daga Kwatano sabo? Ko ɗan kunne aka ce daga can ya zo, wata ta riga ta sa shi. Gwanjo ce. Bature ya hau ya gaji, karensa ma ya hau, an wanke an fesa turare."

Mata suka bushe da dariya. Na ce, "Sabuwar mota da takardarta take zuwa, manne a gilashi tun daga inda aka ƙera ta. Abba ya gaya mini. In ba ki ga takardar nan da idonki ba, ki sa mini sunan da kika ga dama."

Ta ce, "Na riga na zaɓa. Kulu Gwanjo."

Wanda bai san Kurfi ba zai ce wasa ne. In Indo ta laƙa wa mutum suna, da shi ake binne shi. Akwai wata baiwar Allah da ta manta gishiri a miyar biki tun muna amare, yau jikokinta ma gidan Ba-Gishiri ake ce da gidansu. Ni da na aurar da 'ya'ya, na je Makka, na dafa abincin biki fiye da yadda zan tuna, ba zan ƙare rayuwata ina Kulu Gwanjo ba. Na kira Abba na ce ranar ɗauko mota da ni za a je, don na san halin maza, kafin su iso gida sun yage komai sun zubar. Na shirya gardama, sai na ji yana dariya a waya. Ya ce, "To Inna, dama ina so ki zo da katin shaidarki da ƙaramin hoto." Na ɗauka duk don tsallaka iyaka ne.

Da hantsi muka shiga motar haya daga Kurfi zuwa Katsina, daga can muka sake wata zuwa Jibiya. Irin motocin nan ne da na saba shiga duk wata in zan je ganin likitan gwiwa, waɗanda ake cusa mutum kamar ana ɗura gero a buhu. Gefena wata mata ce da kwandon daddawa a cinya, ɗaya gefen wani dattijo mai barci, duk ramin da muka faɗa sai kansa ya sauka a kafaɗata. Na ture shi har na gaji, daga baya na bar shi, na ce ai sa'an yayana ne. Da muka sauka gwiwoyina suka ƙi miƙewa, sai da Abba ya kama ni. Ya tsaya yana kallon ƙafafuna. Na ce, "Mi kake kallo? Ba su faɗi ba tukuna."

Iyakar da ake ta ba ni tsoro da ita, ni na zaci katanga zan gani da ƙofar ƙarfe. Ashe sanda ce a gicciye da 'yan ofisoshi, awaki suna wucewa ta ƙarƙashi ba mai tambayarsu kati. A tsallaken, kakin ma'aikata ya canza, tuta ta canza, amma wanda ya karɓi katina da Hausa ya gaishe ni, Hausa irin tamu har ta fi tamu kauri. Ya ce, "Hajiya daga ina kunka hito?" Na ce daga ƙasar Katsina. Ya ce, "To kin zo gida, mu ne Katsinawan asali, ku tsaron gari munka bar muku." Na ce, "Ai kuwa mun tsare, kada ku dawo ku ce za ku karɓa." Ya yi dariya ya buga hatimi.

A Maraɗi gidan dillalin motar muka sauka, Alhaji Isufu, mutum mai ƙiba da fara'a. Matarsa Hajiya Mariyama ta karɓe ni kamar tare muka yi 'yanmatanci. Abu na farko da aka ajiye mini burodi ne dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri, ni da haƙorana suka yi saura kaɗan. Na rasa ta inda zan kama shi. Mariyama ta karya shi a gwiwa kamar itacen girki, ta tsoma mini a miya, sai ga shi ya yi laushi, na ci har na nemi ƙari. Shayinsu kuma a 'yan kofuna ne kamar murfin kwalba. Na kurɓe na farko, ɗaci ya kama mini harshe, na yi godiya na miƙe, aka ce ina, saura biyu, wanda ya sha ɗaya ya tashi ya raina mai gida. Hurarsu dai ba ni da abin cewa, ta yi, ko da yake tamu ta fi yaji.

Muna zaune sai na ji yara a ƙofar gida suna cewa, "Mushe ya zo, mushe ya zo." Na ja mayafi na toshe hanci. Sai ga mutum ya shigo, tsaf da shi, rigarsa a goge, biro a aljihu. Alhaji Isufu ya miƙa masa hannu ya ce, "Sannu Mushe." Mutumin kuma ya amsa da murmushi. Na jawo Mariyama gefe na ce, "Bawan Allah da ransa da lafiyarsa, mi ya yi muku?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai a wurinsu haka ake kiran malamin boko da ma'aikaci, daga Faransanci ne, girmamawa ce. Na ce mu a Kurfi ko Indo ba ta kai nan ba. Shi wannan Mushe shi ne mai cike takardun mota. Ya baje su a tabarma, suka yi ta magana da Abba, can aka ce in kawo babban yatsana. Na ce na mene ne? Abba ya ce, "Shaida ce, Inna." Na dangwala. Ai kowa ya san ana son dattijo a wurin ciniki.

Na matsu in ga mota, aka ce sai bayan La'asar, don da rana ta take garin nan kowa rufe shago yake ya kwanta. Mu da tsakar rana ne kasuwar Kurfi take ci, su kuwa ko kaza ba ta motsi.

Da La'asar aka buɗe mana wani babban fili mai katanga. Motoci ne jere, kuma gaskiya yawancinsu irin waɗanda Indo ke faɗa ne, sun ga duniya. Na tuno sunan da ta zaɓa mini. Sai Alhaji Isufu ya kai mu can ƙurya ƙarƙashin rumfa ya yaye tampol. Ya ce, "Wagga ko ƙasa ba ta taka ba, bisa tirela ta zo." Fara ce sol. Na cire takalmina kafin in leƙa ciki. Kujeru duk a cikin leda, sitiyari a naɗe, bakin kowace ƙofa an manna ɗan soso shuɗi don kada ta bugu. A ƙasa an shimfiɗa takarda da hoton sawun ƙafa biyu, don a nuna wa baƙauye inda zai taka. Jikin makulli wata 'yar takarda na reto da zane-zane baƙaƙe sirara kamar haƙoran mataji. A saman gilashin gaba akwai hoton jariri an ja masa jan layi. Ni da ban iya karatu ba na iya karanta hoto, na ce wa Abba masu motar nan sun san halin jarirai da amai. A ɗan akwatin gaba kuma littafi ne mai kauri cikin jakarsa, kamar gafakar malamai.

Sannan na ga takardar. Babba ce, manne ta ciki a gilashin ƙofar baya, gefen da manya ke zama. Na matsa kusa na duba. Rabinta boko ne, amma ɗaya rabin Larabci ne, daga dama zuwa hagu, ga alif ga lam a jere ko'ina. Ni kuwa duk inda na ga alif da lam sun yi yawa, na san ba a yi nisa da sunan Allah ba. Alhaji Isufu ya ce don ƙasar Larabawa aka ƙera motar, daga can aka sayo ta. Na ce shi ke nan, addu'ar tsari ce suka manna mata kafin ta hau teku.

Abba ya ce, "Inna, ba addu'a ba ce."

Na ce, "Karanta mini."

Ya duba ya ce babu wasali, shi da wasali ya saba.

"To yi shiru."

"Inna, a Makka ba ki ga Larabci har a kwalin madara ba?"

"Na gani. Ka taɓa ganin na jefar da kwalin a ƙasa? Yana nan cikin adakata."

Ya koma gefen bokon ya karanta a ransa har ƙasa. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya haɗiye, ya ce, "To Inna, ki tsare ta da kyau. Kada ki bar kowa ya taɓa." Na ce da ma abin da ya kawo ni ke nan.

Aka kawo motar gidan Alhaji Isufu. Na ari wayar Mariyama, don tawa tun daga iyaka ta zama kurma, na sa aka kira mini Indo.

Ta ce, "Kulu Gwanjo, an isa?"

Na ce, "Ki adana sunan, za ki buƙace shi ranar da za ki sayi zane. Takarda tana nan kamar faifai. Kuma ba takarda kawai ba, addu'a ce da Larabci, masu ƙera ta suka sa mata."

Ta ce, "Takarda kowa na iya mannawa. Zan gaya wa Yaya Malam ya goge tabarau. Abin da ya karanta shi za mu yarda da shi." Yaya Malam Haruna yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana da makaranta a ƙofar gidansa a Kurfi, Larabci kuwa da wasali da babu duk ɗaya ne a wurinsa. Na ce na yarda.

Washegari da safe ina shan koko, sai na ji ƙarar bokiti a waje. Wani abu ya ce mini tashi. Na leƙa, sai ga wani mai wankin mota ya buɗe ƙofar baya, reza a hannunsa, har ya ɗaga kusurwar takardar. Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gidan ba, takalmi ɗaya, ba mayafi, gwiwoyin da suka ƙi miƙewa jiya sun manta da ciwo. Na riƙe masa hannu na ce, "Kai, da alwala ka taɓa ta?" Ya tsorata ya ce shi aikinsa ke nan, duk motar da za ta fita sai ya kankare mata tarkace. Na ce, "Tarkace? Wannan da ka ɗaga, sunana ne a jikinta." Bai gane ba, ni ma ban san gaskiyar da na faɗa ba a lokacin. Kusurwar ta ƙi komawa. Mariyama ta kawo ɗan tuwon shinkafa na jiya, na murza a yatsa na shafa, na danna da gefen zane har ta kama. Daga nan ban sake barin gindin motar ba sai da muka tashi.

Abba ya buɗe mini ƙofar baya ya ce nan zan zauna, kusa da takardata. Na ɗora littafin mai jaka a cinya, don shi ma na leƙa na ga Larabci a ciki, ba zan bar shi kusa da ƙafafu ba. Na kafa doka ɗaya: gilashin gefena ba zai sauka ba ko da wuta ta kama, don in ya sauka zai kankare takardar. Abba ya kunna esi, sanyi ya fara busowa, na ce ai ma ba buƙatar sauke shi.

A iyaka wani ma'aikaci ya karɓi takardu ya zagaya motar. Ya duba wata doguwar lamba a ƙasan gilashin gaba, ya zo ya duba takardata, ya gyaɗa kai ya ce lamba ɗaya ce. Na riƙe wannan a raina. Sai ya ƙwanƙwasa gilashina ya yi alama in sauke. Na girgiza kai. Ya sake, na sake. Abba ya ce, "Inna, so yake ya ga fuskarki." Na buɗe ƙofar gaba ɗaya na ce, "Ga ni, ɗana, kalli har ka ƙoshi, amma gilashi yana nan inda yake." Ya yi dariya, ya dubi takardun hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Ke ce Hajiya Hauwa'u?" Na ce ni ce, ko da yake rabon da a kira ni haka tun ɗaurin aurena. Ya rusuna ya ce, "Allah ya sa a kashe lafiya, Hajiya." Na ce amin. A raina na ce yaron nan ya san manya in ya gansu.

Wajen jawo ƙofar nan in rufe ne gwiwar hannuna ta danna wani abu a jikinta. Ban kula ba. Ba mu kai cikin Jibiya ba na fara jin ɗumi daga ƙasa. Sama sanyi, fuskata har ta yi sanyi, amma inda nake zaune kamar an ajiye ni a kan murhun da aka sauke tukunya yanzu. Na ce rana ce. Na duba, rana tana ɗaya gefen. Na karkata dama, na karkata hagu. Ledar kujera ta fara manne wa zanena. Na ce ko ciwo ne sabo ya same ni a ƙasar mutane, irin wanda ba a gaya wa ɗa. Na jawo carbi. Can wajen Katsina sai tunani ya zo mini: addu'ar ce take aiki. Bakin Indo ne da na matan biki ya biyo mu, shi ne yake ƙonewa a ƙarƙashina. Da na gane haka sai na gyara zama na daure, na ce ƙone shi duka.

Abba yana ta kallona ta madubi. Ya ce, "Inna, gumi kike yi. A sauke gilashi kaɗan?"

Na ce, "Ka kalli hanyarka."

Na ninke sallaya na sa a ƙarƙashina, ɗumin ya ratsa ta. Na ƙara da mayafi. Haka muka shiga Kurfi ina zaune bisa tudun kaya kamar mai tallan atamfa, kaina yana taɓa rufin mota.

Ƙofar gidan Yaya Malam muka tsaya bayan La'asar. Indo ta yi aikinta, unguwa duk ta fito, mata sun cika zaure har waje. Na sauko a hankali, bayan zanena sharkaf, na ja mayafi na rufe. Indo ta zagaya motar tana taɓa sosunan ƙofa, tana shinshina ciki. Yaya Malam ya fito da tabarau, ya yi bisimilla, ya sunkuya a gilashin. Ya daɗe. Sai na ga gemunsa yana rawa.

Ya ce, "Kulu, wa ya ce miki addu'a ce?"

Na ce, "Alif da lam."

Ya cire tabarau ya goge ido ya mayar. Ya fara karantawa da ƙarfi yana fassarawa. Sunan motar. Shekarar da aka ƙera ta, wadda muke ciki. Launinta, wai farin lu'ulu'u. Yadda take shan mai, wai ba ta da haɗama. Sai abubuwan da aka ƙara mata bisa zaɓin mai saye: madubi mai naɗe kansa, ido a baya mai nuna wa direba abin da ke bayansa, da kujerun baya masu ɗumama mai zama saboda lokacin sanyi.

Abba ya leƙa ƙofata da sauri. Wata 'yar fitila ja tana ci a jikin hannun ƙofar. Ya ce, "Inna, tun yaushe wannan ke kunne?"

Na ce, "Tun iyaka."

"Kuma ba ki faɗa ba?"

"Na ɗauka bakin Indo ne ke ƙonewa."

Indo ta zauna a ƙasa. Dariya take har ba sauti, tana nuna bayan zanena da yatsa. Mata suna riƙe juna. Yaya Malam kansa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi. Na tsaya ƙyam, na ce su gama, ni dai an karanta shekara kowa ya ji.

Indo ta tashi tana share hawaye, ta matsa kusa da gilashin, sai ta tsaya. Ta kankari kusurwar da farce ta shinshina. Ta ce, "Jama'a, tuwo ne. Tuwon shinkafa. Masana'antar da ke manna takarda da tuwo, a wace unguwa take a Maraɗi?"

Na ji sunan nan yana tahowa kamar hadari. Sai na tuna ma'aikacin iyaka. Na ce, "Yaya, akwai lamba doguwa a takardar nan. 'Yar'uwarta tana ƙasan gilashin gaba, a jikin ƙarfe, inda tuwo ba ya kamawa. A gwada." Yaya Malam ya tsaya a takarda yana kira, wani malamin firamare maƙwabcinsa ya tsaya a gaba yana amsawa, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ba wadda ta saɓa. Indo ta taɓe baki ta ce, "To, Gwanjo ta faɗi. Amma ina da wani sabo, yanzu ya zo mini, da zafinsa."

Yaya Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, saura layi ɗaya a ƙasa." Ya karanta, sannan ya ce, "Cewa aka yi, ba a yarda kowa ya cire takardar nan ko ya ɓata ta ba, sai motar ta shiga hannun mai ita."

Na juya na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Kun ji. Ko ba addu'a ba ce, amana ce, kuma na kawo ta." Sannan na ce wa Abba, "Zo ka cire abarka, na gama aikina."

Bai zo wajen gilashin ba. Gabana ya zo ya durƙusa, a gaban mutane, ya kama hannuna ya sa mini makullin da 'yar takardarsa mai reto. Ya ce, "Inna, ni ma ba ni da izini. Yatsan da kika dangwala a Maraɗi ba na shaida ba ne. Gwiwoyin nan sun gama shiga motar haya."

Na dubi makullin, na dubi ƙeyar yaron nan da na goya. Indo ce ta fara motsi. Ta jawo bakin mayafinta ta goge hanci, ta ce, "To, Kulu Mai Mota, sai ki cire mana mu ga ciki da kyau."

Kowa ya ji sunan, kuma kun san in ya fito daga bakin Indo ya zauna ke nan. Na ɗaure makullin a bakin zanena, na gyara mayafi.

Na ce, "Mai ita ba ta ga dama ba tukuna."

Takardar tana nan har yau, rana ta fara cinye rubutun, kusurwar tuwo ce ma ta fi sauran riƙo. Duk ranar ganin likita Abba yana aiko direba, kuma ba na isa bakin titi sai na tarar da Indo tsaye da jakarta, wai ita ma bayanta yana ciwo. Gefen da babu takarda take zama. Da sanyin bana ya shigo, mun fita da sassafe, sai na ji tana laluben jikin ƙofa. Ta ce, "Mai Mota, ina abin nan da ya gasa ki?" Na miƙa hannu na danna mata.